Takalmin Hagu na Manaja

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau aka cire wa Manaja siminti daga ƙafar hagu, bayan sati bakwai cif. Mai yankan ya zo da wani ɗan zarto mai ƙara, ni ina kau da kai, ita kuwa gargaɗi take masa kada ya raba mata kyanwar da ta zana a jikin simintin. Ya bi ta gefe, kyanwa ta tsira. Ƙafar ta fito siririya, ta yi fari fat, ga wani wari da ba sai na rubuta shi ba. Likitan ƙashi ya ɗaga hoton ya kalla ta taga, ya ce ƙashi ya haɗe sarai, mu je gida ta riƙa takawa.

A tsohon littafin rubutunta nake wannan, rabinsa ba a taɓa ba. Ban san me ya sa na fara ba. Shekararta shida, ita kaɗai Allah ya ba mu zuwa yanzu, kuma tun tana shekara uku take zama a bencin shagona tana gaya wa masu kawo gyaran takalmi ranar da za su dawo. Ba ta taɓa tambayata ko zan iya gamawa a ranar ba. Daga nan sunan ya bi ta, har uwarta ta koma Maman Manaja.

Na ɗinka mata jan takalmi tun tana kwance. Yau ta sa shi, ya yi mata daidai.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ta taka daga gado zuwa ƙofa. Ta faɗi sau biyu tana dariya. Likita dai ya ce za a yi haka.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ni ba na bin fuskar mutum. Ka ba ni takalminsa in juya, in gaya maka ko mai sauri ne, ko yana rataya kaya a kafaɗa ɗaya, ko gwiwarsa ta fara yi masa gardama. Yau wani malamin makaranta ya kawo nasa, na ce masa ya daina tsayuwa a kan ƙafa ɗaya a gaban allo. Ya saki baki yana kallona. Tela, maƙwabcin shagona, ya leƙo ta labule ya ce wa mutumin kada ya tsorata, haka nake, likita ne ni wanda asibiti bai samu labarinsa ba. Shekara goma sha huɗu muna zaune bango ɗaya da Tela, bai taɓa bari wani ya yabe ni ya tafi lafiya ba.

Bakin jan takalmin Manaja na hagu ya goge cikin kwana biyar. Fatar ce ba ta da kyau, zan yi wa mai sayar da ita magana. Na sa masa faci, na shafa mai, ba mai ganewa.

Yanzu da ƙafa nake zuwa shago, minti arba'in, tumbina har ya fara ja da baya. Tela ya tambayi ina babur ɗina. Na ce yana nan a lulluɓe a bayan ɗaki. Ya canja magana.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ta faɗi sau huɗu yau. Na gyara takalmin.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya ta zo ta kwana biyu. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya ni, don haka har yau ba ta yarda na girma ba. Ta zo da wani man shafawa da ta ce ya tayar da mutum uku a unguwarsu, ɗaya daga cikinsu ma da ya tashi sai da ya ƙara aure. Tun da ta sauka ƙafar Manaja ba ta taɓa ƙasa ba. Daga ɗaki zuwa banɗaki a bayan Yaya, daga banɗaki zuwa kicin a bayan Yaya. Manaja ta samu motar haya kyauta, har tana nuna hanya da yatsa.

Da suka fita ƙofar gida, Maman Manaja ta ce in saurari yadda yarinyar take tafiya in ba takalmi. Ta ce ƙafar dama ba ta ƙara, ta hagu kuwa sai ta yi fat a ƙasa, kamar an yar da jiƙaƙƙen tsumma. Na ce ƙafar da ta yi sati bakwai a kulle dole ta manta hanya, kuma takalmin ne ya yi mata nauyi, zan rage masa. Ta dube ni, ta ci gaba da ninke kaya.

Manaja ta sanar da mu cewa in ta koma makaranta ba wanda zai goya ta a gaban 'yan ajinsu. Yaya ta ce za a gani.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe uku na rana

Mun koma wajen likitan ƙashi, Maman Manaja ce ta matsa. Jiya na zauna na yi wa takalmin aiki na gaske. Na goge ƙasan bakinsa da magagari na ɗaga shi sama kaɗan, na sa masa siririyar roba mai santsi don kada ya riƙa kama ƙasa, na ƙara masa dogon wuya da maɗauri mai ƙarfi ya riƙe idon sawu. Ba don yabon kai ba, aikin ya fita.

Ofishin likitan taku uku ne daga ƙofa zuwa tebur. Manaja ta yi takun nan uku ba tuntuɓe. Ya sake duba hoto, ya ce ƙashi lafiya lau, mu ba ta lokaci. Mutum wajen talatin ne a layi a bayanmu, ban ga laifinsa ba. Na fito raina fari, na saya mata balan-balan har biyu. A cikin bas Maman Manaja ƙafar yarinyar ta yi ta kallo har muka sauka.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Sista ta kawo farin takalminta na aiki. Nas ce, shekara takwas ina yi mata gyara, dunduniyar dama take ci saboda yadda take juyawa a bakin gadon marasa lafiya. Manaja tana shago yau, ta tuɓe takalmi saboda zafi. Ta tashi za ta ɗauko mini burushi, Sista ta bi ta da kallo har ta je ta dawo. Sai ta aike ta wajen Tela ta karɓo zare, alhali ba mai bukatar zare.

Ta tambaye ni tun yaushe yarinyar take ɗaga gwiwa sama haka kafin ta taka. Na fara bayanin fata da nauyin takalmi, ta katse ni. Ta ce wannan ba aikin likitan ƙashi ba ne, shi ya gama nasa. Akwai likitoci daban waɗanda aikinsu shi ne mayar wa yara da motsin jikinsu bayan rauni ko ciwo. Su ne ke gano ko jijiya ce ko nama, su tsara wa masu gashin ƙashi abin da za su yi, su rubuta abin ɗaurawa in ana bukata. Ta ce ba su da yawa. Ta san wata mace da ta taɓa aiki a babban asibiti, amma ba ta san inda take yanzu ba. Ta yagi gefen kwalin takalmi ta rubuta mini sunan fannin da Turanci, tsawonsa ya kusa cinye kwalin.

"Kada ka bari wata ya ƙare," in ji ta. "Jijiya ba ta jiran mutum."

Na sa kwalin a ƙarƙashin gwangwanin gam don kada iska ta ɗauke shi.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe goma na safe

Kwalin yana nan a ƙarƙashin gam. Sau biyar jiya, ta kuje gwiwa. Na gyara takalmin.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ashe Sista ta haɗu da Maman Manaja a kantin magani. Jiya da yamma na dawo na tarar an tura Manaja maƙwabta, na sha jinin jikina. Ban taɓa sanin matar nan tana da magana haka a ciki ba, shekara tara ina zaune da ita. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ta lissafa mini duk faɗuwar da yarinyar ta yi, har da waɗanda ba na gida. Na ce ai ina ƙoƙari, ko jiya na sake yi wa takalmin aiki.

"Baban Manaja, ba takalmin ne ba shi da lafiya ba."

Yau ba zan buɗe shago ba, na ce wa Tela ya karɓi na masu kawowa.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kwana biyu ina yawo a babban asibiti da kwali a hannu. Mai ba da kati ya karanta, ya tura ni hawa na biyu. A hawa na biyu aka ce ai wannan na masu ƙashi ne. Na ce daga can nake. Aka ce to na masu jijiya ne, amma nasu na manya ne, in je sashen yara. A sashen yara wata mata ta ce in kawo yarinyar a auna nauyinta. Na shiga wani ɗaki bisa kuskure, kafin in buɗe baki an ba ni kwalba an nuna mini banɗaki.

A ƙarshe na faɗa ɗakin gashin ƙashi. Wani ƙaton mutum mai damtse kamar cinyata ya karanta kwalin ya yi murmushi, ya ce yau ya ga wanda ya san abin da yake nema. Ya ce likitar ta bar nan shekara biyu, ba a kawo wani a madadinta ba. Ya ji an ce tana ganin yara a wani wuri a cikin gari, amma lambarta da ke wayarsa ba ta shiga. Ya gwada a gabana sau uku, da gaske ba ta shiga.

Da na ba Tela labarin kwalbar, ya yi dariya har allura ta soke shi. Amma ya kwafi rubutun a takarda ya manna a jikin kekensa, ya ce duk wanda ya zo awo sai ya karanta kafin a auna shi.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Asibiti biyu masu zaman kansu. Na farko ba su taɓa jin fannin ba. Na biyu suka ce suna da mai tausa. Wani mai awon wando ya ba Tela lambar wani likita, na kira, ashe na dabbobi ne. Mutumin kirki, mun daɗe muna hira.

Ina dariya ina rubutawa, amma tsoro nake ji. Wata ya kusa ƙarewa.

Talata, 2 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Bari in rubuta wannan a hankali.

Wata mata da ban taɓa gani ba ta kawo takalmin yaro a sa masa sabon maɗauri. Na juya shi kamar yadda na saba. Na dama lamba talatin, na hagu talatin da biyu. Na leƙa cikin na hagu, an cire shimfiɗar ciki, gefe da gefe kuma akwai wata shaida miƙaƙƙiya, irin wadda ƙafar mutum ba ta yi, sai abu mai tauri. Ƙasan kuwa duka biyun sun ci daidai wa daida. Na ce mata ɗanta yana sa wani abu a cikin takalmin nan, kuma duk wanda ya rubuta masa abin ya san aikinsa. Ta ɗan ja baya, na ga alamar ta ɗauka wani ya kawo mini gulmarta. Na yi sauri na ciro kwalin na nuna mata, na ce 'yata ce.

Ta zauna a bencin Manaja. Ita ma wata biyar ta yi tana nema. Likitar tana wani ƙaramin asibitin yara a bayan tashar bas ta ƙarshe, ba allo a bakin titi, sai koren ƙyaure da bishiya a gefensa. Talata da Alhamis take zama. Ta zana mini hanyar a bayan kwalin, ta ce mu je da wuri, mu kuma tafi da takalmin da yarinyar take sawa kullum, don likitar tana son gani. Na ce in dai takalmi ne ba ni da fargaba.

Na yi mata maɗaurin da fatar da na fi ji da ita. Tela ya ce yau kam ya yarda ni likita ne, amma kada in saba.

Alhamis, 4 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mun gan ta.

Ɗakin ba kamar ɗakin likita ba. Tabarmar roba ce shimfiɗe bango zuwa bango, ga manyan ƙwallaye, ga sanduna biyu a jere na riƙewa, ga wata 'yar matakala mai hawa huɗu da ba ta zuwa ko'ina. Manaja ta tambayi wanda ya gina ta, ta ce an cuce su. Likitar gajeriya ce mai furfura a goshi, a ƙasa ta zauna ta harɗe ƙafa. Ta sa Manaja ta yi tafiya ba takalmi, ta je ta dawo wajen sau shida. Ta ce ta taka da dunduniya kaɗai, dama ta yi, hagu ta ƙi. Ta shafa mata auduga a bayan ƙafa tana tambayar inda take ji da inda ba ta ji. Ta ce ta ɗaga babban yatsa. Yarinyar ta cije leɓe, ta yi iya yinta, yatsan yana kwance.

Sai ta ce a ba ta takalmin. Na ciro shi daga leda, jiya ma na sa masa mai. Ta juya shi, ta shafa bakin, ta ja maɗaurin.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne, likita. Sana'ata ce."

"Sau nawa ka gyara shi tun da aka cire simintin?"

Na ce kamar sau uku. Maman Manaja ta ce sau goma sha ɗaya.

Likitar ta ce aiki ne mai kyau, ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ta ce yaro in ya zo gabanta yana gyara tafiya don ya burge ta, shi ya sa take duba takalmi, shi ne yake gaya mata yadda yake tafiya a gida in ba mai kallo. Wannan kuwa na rufe masa baki. Ta ce maɗaurin da na sa shi ne ya riƙe ƙafar a gaban likitan ƙashi har ya sallame mu. Ba faɗa ta yi ba, bayani take kamar mai ba da kwatancen hanya. Ni dai na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan matakalar nan.

Ta ɗauki biro ta tambayi yadda aka yi yarinyar ta ji ciwon tun farko. Maman Manaja ta dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai. Manaja tana kwance a kan ƙwallo tana lilo, ba ta ko ɗago ba.

"Ni da Baba muka faɗi a babur. Shi ma ya ji ciwo a hannu, amma bai gaya wa kowa ba."

Likitar ba ta dube ni ba, ta rubuta abin da za ta rubuta. Na gode mata da wannan.

Ga abin da ta ce. Akwai jijiya a gefen gwiwa, ita ke ɗaga ƙafa sama, ita ce ta bugu. Tana iya farkawa, tana iya ƙin farkawa, ba za ta yi mana alkawari ba. Agarar dunduniya ta fara ɗaurewa saboda ƙafar kullum a sunkuye take, da mun ƙara wata biyu da maganar tiyata ake. Za a yi mata wata roba ta ɗaurawa. Za a riƙa miƙar da ƙafar sau uku a rana. Ba goyo. Sannan in sayi takalmin kanti, kowane iri, ta riƙa sa shi ba roba na rabin awa kullum a tsakar gida, in kawo mata shi bayan sati huɗu. Ta ɗaga yatsa ta ce kada in taɓa shi ko da burushi.

Juma'a, 5 ga wata, ƙarfe shida na safe

Manaja ta ce "muka faɗi". Ni ko a raina ban taɓa faɗarsa haka ba. Ban san ta ga hannun ba, riga mai dogon hannu na yi ta sawa.

Maman Manaja ta kawo mini shayi, ta tsaya a bayana ta dafa kafaɗata, ta daɗe. Sannan ta ce in tashi, takalmin kanti ba zai sayi kansa ba.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ni, da ƙafata, na shiga kanti na sayi takalmin yadi mai ƙasan roba, ɗinkinsa kamar an yi shi ana gudu. Mai kantin ya san ni, ya tambaya ko lafiya. Tela ya ce zai sa a buga a jarida.

An gwada jijiyar da na'ura a wani wuri da likitar ta tura mu. Ba ta tsinke ba. Iyakar abin da suka ce ke nan, ni kuma na riƙe shi hannu bibbiyu.

Juma'a, 12 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Robar ta iso. Fara ce, daga ƙasan gwiwa ta bi bayan ƙwauri ta lanƙwaso ƙarƙashin tafin ƙafa. Manaja ta sa mata suna ludayi. Da ludayin ba ta faɗuwa, yau ta zagaya tsakar gida sau tara tana ba kaji umarni. Sai dai ba ya shiga kowane takalmi, don haka zan ɗinka wani, na hagu ya fi na dama faɗi. Wannan karon sai da na kira likitar na tambaya. Ta ce in yi, in kuma ƙara wa na dama 'yar shimfiɗa don tsayinsu ya zo ɗaya.

Miƙar ƙafar ni nake yi, hannuna ya fi ƙarfi. In riƙe dunduniya, in tura tafin sama, in ƙirga talatin. Tana kuka, ta ce ni mugu ne, ta kore ni daga aiki sau biyu yau. Bayan minti biyar ta mayar da ni saboda ba wanda ya iya ɓare mata lemo kamar ni.

Kowace safiya kafin a ɗaura ludayi sai mu ce ta ɗaga yatsa. Ba motsi.

Talata, 16 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ba motsi.

Asabar, 20 ga wata, ƙarfe uku na rana

Yaya ta zo ta tarar an hana goyo, ta ce ba ta taɓa jin likitan da ke hana a tausaya wa yaro ba. Ta durƙusa ta ce Manaja ta hau. Manaja ta dube ta sama da ƙasa ta ce ita yanzu tana da ludayi, Gwaggo ta huta, bayanta ya tsufa. Yaya ta cika tana batsewa har aka kawo abinci, daga nan aka shirya.

Takalmin kantin yana bakin ƙofa, bakinsa na hagu ya fara buɗewa, zare ya fito. Duk wucewar da zan yi sai ya kalle ni. Jiya na tsinci kaina na ɗauke shi ina juyawa, Maman Manaja ta yi gyaran murya daga kicin, na ajiye. Yau na nemi ƙaramin gam ɗin da nake ajiyewa a gida na rasa. Ta ce ta ba Tela ajiya. Wato har da shi aka haɗa baki.

Ba motsi.

Laraba, 24 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ta koma makaranta da sabon takalmin, ludayi a cikin safa. Daga ƙofa zuwa aji da ƙafarta ta je, ta hana ni wuce mai gadi. Kafin a tashi, in ji malamarsu, yara uku sun ce su ma a saya musu ludayi.

Na yi murna, Allah ya sani. Amma ludayin ne yake ɗaga ƙafar, ba ita ba. Da safe ba motsi.

Lahadi, 28 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ba motsi. Takalmin kantin ya huje. Ban taɓa shi ba.

Alhamis, 1 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Sati huɗu sun cika. Na kai takalmin a leda ina ɓoye shi a hammata, kada wani mai kawo mini gyara ya gan ni da shi a bas. Likitar ta karɓa, ta juya, sai ta miƙo mini. Ta ce an gaya mata ni ma ina karanta takalmi, in karanta mata wannan.

Na riƙe shi kamar na wani baƙo. Na ce bakin hagu ya cinye har ya huje, mai shi tana jan yatsu a ƙasa. Gefen waje ma ya ci, a karkace take sauke ƙafar. Dunduniyar hagu kamar sabuwa, ba ta taɓa fara taka ƙasa da ita ba. Na dama kuwa ya lotsa, shi ke ɗauke da nauyin duka. Na tsaya nan, ta ce in ƙarasa.

"Ƙafar 'yata ba ta ɗagawa, likita."

Ta ce haka ne, ita ma abin da ta gani ke nan. Ta ce amma agarar ta saki sosai, mai miƙarwar yana aikinsa. Manaja ta ce ai mugu ne shi ya sa.

Ta kwantar da ita, ta tallafi dunduniyar, ta ce ta ɗaga yatsa. Na zuba ido, ban ga komai ba, kamar kowace safiya. Likitar ta ce ta sake. Ta sa yatsunta biyu a gaban idon sawu ta rufe ido, ta ce ta sake. Sai ta kamo hannuna ta ɗora yatsana a daidai wurin, ta ce in daina kallo, ido ba zai gani ba tukuna.

"Manaja, ɗaga wa Baba."

Wani abu ya ja a ƙarƙashin fatar, siriri, kamar zare in ya kama a cikin fata kafin ya fito. Ya ja ya saki. Na ce ta sake, ya sake ja.

Likitar ta ce wannan farkon farkawa ne, da sauran tafiya, wata uku ko shida, kuma ba ta san iya inda zai tsaya ba. Na ji duk abin da ta ce. Maman Manaja ta ture ni ta sa nata yatsan, ta ce ba ta ji komai ba, ta fashe da kuka, ta sake sawa. Ni kuwa na fita waje na tsaya a gindin bishiyar nan na yi nawa, mai gadi ya kawo mini kujera.

Juma'a, 2 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Na sake ji, sau uku. Manaja ta ce in cire hannuna haka nan, zan sa ta makara.